Ba Zan Karɓi Ajiyar Halifa Ba

Madain Fahd, Jidda.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da jego, ina gaishe ki da shirin tafiya. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya abin da Ya ba mu, Ya kiyaye ki a hanya, Ya kiyaye ki a inda za ki sauka.

Za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da bango ɗaya ya raba ɗakinsa da naki. Na gwada baki ne ya ƙi. Da na ɗauko maganar sai ki juya ta Larabci ki yi ta zuba, ni kuwa Larabcina na layin ruwa ne, bai kai na gardama da dakta ba. Kafin in haɗa amsa kin ce "halas ya Baba" kin tashi. To ga ta da Hausa, da bokon da na koya a makarantar yamma da girmana. Na san a hankali kike karanta Hausa, kina bi da yatsa. Haka nake so.

Bari in fara da murna, don kada ki ce fushi kaɗai na iya. Tun ranar da aka miƙo mini yaron nan ban dawo daidai ba. Abokaina na masallaci sun fara canza sahu in sun hango ni, don sun san waya zan ciro in nuna musu hoton da suka gani jiya. Kuka sa masa sunana, kuna ce masa Halifa, ke da mijinki kuna fitar da shi daga maƙogwaro kamar masu kaki. Ɗan ƙwacen ya zo ya raba ni da matata, yanzu mahaifiyarki ba ta tambayar ko na ci abinci. Duk na yafe masa. In ya kama yatsana ji nake kamar ban taɓa gajiya a duniya ba.

Na kuma yi murna da aikin da kika samu a Faransa, wannan da kuke kira fosdok, binciken da ake yi a ƙarƙashin wani farfesa bayan an gama digirin dakta. Kin yi mini bayaninsa har na riƙe. Kin ce ƙwayar cutar zazzaɓin dengi tana da wani ɗan inji da take buga kwafin kanta da shi a jikin mutum, ku kuma so kuke ku ga siffar injin nan, lungu da saƙo, don masu haɗa magani su san inda za su cusa masa tsinke ya tsaya. Ni zazzaɓin nan ya taɓa kwantar da ni, kin gani da idonki. Ƙasusuwana kamar ana sara, likita ya ce ba shi da abin ba ni sai ƙarin ruwa da maganin zafin jiki. Saboda haka matar gidan ƙasa da ke cewa mai jego ta zauna a gida ta bar wa maza bincike, ki gaishe ta da kyau ki wuce. Tafiya za ki yi, da yardata da albarkata.

Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Shekaranjiya na dawo daga sallar azahar na tarar ana shigar da gadon jariri ɗakinmu. A bakin mai ɗaukar kaya na fara jin labarin gidana. Wai kun gama magana ke da mahaifiyarki: za ki bar mana Halifa, a koma ba shi madarar gwangwani, ki tafi ke kaɗai. Da na tambaye ki sai kika ce shekara biyu ce kawai. Da na matsa sai ga sauran: farfesan bai ma san kin haihu ba. Ta waya ya yi miki tambayoyi, ciki ba ya fita a waya, wata ƙawarki da ta riga ki shiga harkar ta ce kada ki kuskura ki faɗa, mai goyo ba a ba ta babban aiki. Na kira mijinki a Ingila, inda yake ƙarasa nasa karatun, ya ce mini duk yadda muka gani daidai ne. Ɗansa na fari, duk yadda muka gani.

Ummi, shekara biyun nan na san ta. Ni na fara faɗinta a gidan nan.

Ni da mahaifiyarki umra muka zo muka ƙi komawa, muka zama takari kamar mutane da yawa a lokacin. Yayanki yana wurin Inna, mahaifiyata, a Kazaure, an kai shi yaye. Ɗan fari ne, al'ada ta ce na kaka ne, mu kuma kunya ba ta barin mu ko ɗaukarsa a gaban mutane, balle mu ce da shi za mu tafi. Na durƙusa gaban Inna, wadda kika ci sunanta, na ce shekara biyu zan yi in tara abin jari in dawo. Har zuciyata haka nake nufi. Abin da ban lissafa ba shi ne, wanda ba shi da takarda in ya fita ba ya dawowa. Kowace shekara sai in ce bari in ƙara ɗaya, in samu iƙama, takardar zama, tukuna, in tafi da ƙafata in dawo da ƙafata.

Kin ce yanzu zamani ya canza, kullum za ki riƙa ganinsa a kwamfuta. Mu ma muna da namu zamanin. Kaset muke yi. In alhazai za su koma, sai mu rufe ƙofa ni da mahaifiyarki, mu danna rikoda mu yi ta magana. Ita ta yi masa waƙa, ni in yi masa nasiha, yaron da bai san nasiha ba. Baɗi alhazai su kawo amsa. Sai mu ji muryar Inna tana cewa ga shi nan, zo ka gaida babanka, sai mu ji ƙarar ƙafa ta yi waje, sai kukan kaji. Mahaifiyarki takan mayar da wurin baya ta sake ji, don gudun nan kaɗai ne nasa a cikin kaset ɗin. Da na ji an sa shi makaranta, shi ne na shiga ajin yamma da wani malami ɗan Zariya ke yi wa direbobi a unguwar Bani Malik, don in rubuta masa takarda da hannuna. Na iya, na rubuta. Amsa ta zo da rubutu mai kyau, ta fara da "Zuwa ga Alhaji."

Ranar da na samu komawa, ya kai mini kafaɗa. Ya fito ya durƙusa ya gaishe ni yadda ake gaida manya, ya karɓi jakata, sannan ya juya ya tambayi Inna a wane ɗaki baƙon zai sauka. Ƙanena yake ce wa Baba, kuma ƙanen nawa ne ya karɓa masa aure. 'Ya'yansa Alhajin Makka suke ce mini. Kin san yayanki, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa ƙin aikena ba. Ladabin nan nasa shi ke ƙona ni. Da ma ya taɓa yi mini tsiwa irin taki, in san ina da ɗa.

Har yau ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Da ina ce wa wannan kunya, ina jin kaina cikakken Bahaushe. Ke kada ki gaji wannan daga wurina. Sunan ɗanki na yanka nawa ne, ba za ki faɗa ba, na sani. Amma Halifa ki kira shi da ƙarfi, ki ɗauke shi a gaban kowa, ki goya shi ki shiga jirgi. Al'adar ba wa kaka ɗan fari an yi ta ne don mutanen da gidajensu ke kallon juna, yaro ya wuni can ya kwana nan. Waɗanda suka kafa ta ba su san biza ba.

Sai maganar ɓoyo, wadda ta fi ba ni haushi.

Lokacin da Allah Ya haɗa ni da kafilina na farko, mai tsaya mini a ba ni iƙama, wani dattijo mai tankokin ruwa, abokai suka ce in ya tambaye ni in ce ba ni da iyali, kafili ba ya son mai nauyi. Na bi shawararsu. Aka yi mini iƙama ni kaɗai, na hau mota ina ɗiban ruwa daga Aziziyya ina kai wa gidaje. Mahaifiyarki ta ci gaba da zama a ɗaki kamar kayan sata, in ta ji an buga ƙofa da ƙarfi sai ta nemi wurin ɓuya. A haka aka haife ki, a gida, hannun ungozoma, ba takardar asibiti. Ba ki san wannan tsoron ba, don kin yi wayo bayan ya wuce. Sai da kika isa shiga makaranta aka ce a kawo takarda, na rasa ta yi, na je na tsuguna gaban dattijon nan na faɗa masa gaskiya, ina jiran ya ce in ajiye makulli. Ya dube ni ya ce, "Ya Isa, mace da 'ya, duk shekarun nan? Me ka ɗauke ni?" Ya yi mini faɗa kamar ɗansa. Ya ɗauki sandarsa muka yi ta hawa da sauka a ofisoshi. An sha wuya, ba a wata ɗaya aka gama ba, amma an gama. Shekarun da uwarki ta yi a kulle, tsoron da ban taɓa gwadawa ba ne ya ci su, da shawarar mutanen da su ma ji suka yi.

Kada ki ce na ce duk kafili haka yake. Da dattijon ya rasu na koma hannun wani. Shi wannan, da aka aiko Inna ba lafiya na nemi ya ba ni fasfona, cewa ya yi zafi ya shigo, gari na neman ruwa, in bari bayan hajji. Inna ba ta kai hajji ba. To iri biyu ne, na ɗanɗana kowanne. Ban san wane iri ne farfesanki ba, ke ma ba ki sani ba, ƙawarki ma ba ta sani ba. Abin da na sani, takardar zamanki a ƙasar can a ɗaure take da ɗakin bincikensa, in ya sallame ki kin fita. Ku ce masa farfesa, ni na san sunan mai irin wannan iko. Mutumin da zai riƙe ki haka, tun kina gidan ubanki ya kamata ki san halinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki rubuta masa yau, ki ce kina da ɗa kuma da shi za ki zo, ki tambaye shi inda ma'aikatansa ke kai 'ya'yansu reno da rana. In ya ce barka, kin samu wurin zama. In ya janye aikin, Allah Ya raba ki da mai riƙe fasfo, kuma wanda ya ga aikinki ya zaɓe ki ba shi kaɗai ke da ido ba. Tunda za ki rubuta, ki haɗa da tambayar sunan wa za a sa a gaba in aikin ya fito, don kin ce da wannan ake auna ku. Ni kunya ta hana ni tambayar sharaɗi a ranar farko, na zauna ina cin "bukra inshallah", kullum sai gobe, har haƙorana suka zube.

Abin da ke tafasa mini zuciya shi ne, mun ɓuya don ba mu da takarda, ba mu da ilimi, ba mu da mai tsaya mana. Na tuƙa tanka har bayana ya ƙage don kada ke ki ɓuya. Kika yi jami'a a gida Najeriya, kika haye Ingila kika zama dakta, kina magana da harshe uku. Sannan a ce jikana, halattaccen ɗa mai suna, shi za a ɓoye kamar takari ya hango motar jawazat masu kama marasa takarda? Wane irin ilimi ne wannan da zai leƙa cikin ƙwayar da ido ba ya gani, amma a ce ganin jariri zai ɓata masa rai?

Na tambayi mijinki abin da ke biyo bayan shekara biyun. Ya yi ta kwana-kwana, na ce Mansur, da direba kake magana, miƙe hanya. Ya ce wasu kan samu kujerar dindindin, da yawa kuma sai su sake neman wani fosdok ɗin a wata ƙasa, wani ma ya yi na uku. Na ce to, iƙama ce ake sabuntawa. Wato ranar da za ki dawo ɗaukar Halifa, wata takardar ce a hannunki, ta wani gari, da wani sabon farfesa da shi ma bai san kina da ɗa ba. Za ki ce bari in zauna da gindina tukuna. Lokacin ya iya cewa Ummi, amma mahaifiyarki zai riƙa nufi.

Aiki ba ya ƙarewa, wannan ma a makare na gane. A layin ruwa kullum cewa nake in zafi ya wuce zan huta, in hajji ya wuce zan je gida. Ban taɓa wayar gari na ji Jidda ta ƙoshi da ruwa ba. Naki ma na ga alamar haka yake. Kin ce injin nan wani sinadari ne da kuke kira furotin, sai kun sa ya daskare ya zama kamar ƙwayar gishiri kafin a iya haska shi a ga siffarsa. Kin ce kukan jera ɗigo-ɗigo a faranti ku jira makonni, akasari ba abin da ke fitowa, ku sake. In ya fito, ku ɗauka ku tafi wani gari inda babbar na'urar haske take, a ba ku 'yan sa'o'i, in kun ɓata sai wani zagayen. Kin kuma ce akwai wasu a wasu ƙasashe da ke bin injin nan guda, wanda ya riga bugawa shi ke da suna, na biyu ya tashi a tutar babu. Duk na ji, ban raina ba. Na yarda goyo zai rage miki gudu. Na yarda wata rana zai yi zazzaɓi a ranar da aka ba ki na'ura, kuma mai yiwuwa a riga ki. To a riga ki. In wani ya gano siffar, masu magani za su karɓa daga hannunsa, mai zazzaɓi ba zai tambayi sunan wa ke gaba ba. Ke kuma ki kama wani lungun injin, ko wata cutar, tunda cuta ba ta ƙare ba. Zai yi zafi, ban ce ba zai yi ba. Amma na ga zafin nan kuma na ga wancan, kuma ni ne na ɗanɗana wanda ba ya warkewa.

Kada ki ga laifin mahaifiyarki. Jiya bayan la'asar na zaunar da ita na ce a fitar da gadon nan. Ta ce, "Malam, an raba ni da ɗaya ina ji ina gani. Yanzu Allah Ya kawo mini wani har ɗaki, ka ce in mayar?" Na ce mata ba wanda ya raba mu da shi, mu muka tafi. Na tambaye ta ko tana so ke ma ki zauna a wata ƙasa kina mayar da ƙarar ƙafa baya. Sai ta miƙe. Ta shiga kicin, tukwane suka sha wuya har magariba, ni kuma na kwana da yunwa. Yau da safe tana miƙo mini shayi, ba ta dube ni ba, ta tambaya ko sanyin can ya fi na Ɗa'if, kuma ko suna ba tsofaffi bizar ziyara. Shekara arba'in ina zaune da matar nan, na san amsarta in na ji ta.

Saboda haka ga yadda za a yi. In sun ba ta biza za ta bi ki ta yi 'yan watanni, har ki samu wurin reno, har mijinki ya gama ya zo ya ɗauki rabonsa na ɗawainiya, don shi ma zan rubuta masa tasa takardar, kuma ba za ta kai wannan laushi ba. In ba su ba ta ba, za ki tafi da shi duk da haka, a yi dabara kamar yadda kowace uwa ke yi. Ni zan zauna da ful da tamis, wake da gurasar mai tanda na bakin titi, ba yau na fara ba. Ƙofar gidan nan a buɗe take gare ku, ku zo hutu, ku zo azumi, ya fasa mini tabarau, ya yi mini fitsari a darduma. Amma ajiya ba zan karɓa ba. Allah Ya sani ba abin da nake so a duniya kamar in farka in ji kukansa a ɗakin nan. Don haka ki daina roƙona, kada ki same ni a ranar da ba ni da ƙarfi.

Ɗazu da na ce zan fita da shi shan iska, Bani Malik na kai shi wurin mai hoto. Mutumin ya ce na fasfo sai ido a buɗe, ɗan naki kuwa ya ƙi farkawa. Na yi tafi, na yi fito, har sai da na yi masa hon ɗin tanka da bakina, mutane na leƙowa daga titi, sannan ya buɗe ido ya harare ni. Haka hoton ya fito, da harara, sak kakansa. Ga hotunan nan a cikin ambulan ɗin. Za ki ga babu ɗaya, yana aljihuna. Gobe in Allah Ya kai mu ki shirya da wuri mu je ofishin jakadancin Najeriya a yi masa fasfo.

Allah Ya sa ki sauka lafiya ke da ɗanki. Ya haɗa ki da shugaba mai tausayi, Ya raba ki da mai riƙe mutane. Ya buɗe miki abin da kike nema a cikin ƙwayar nan, Ya sa ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa. Ya tsare muku addininku da lafiyarku a ƙasar sanyi, Ya sa yaron nan ya tashi ya san muryar uwarsa a cikin dubu. In da rabon mu sake ganawa, Allah Ya sa ya shigo gidan nan da gudu, ba sallama, ba durƙuso.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isa Direba